Dogon Hutu: Zango Na Huɗu Na Uwa Ne

   

A kwana a tashi ga zango na uku ya zo ƙarshe. An gama jarrabawa, malamai sun duƙufa wajen haɗa maki, yara kuwa ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa don murna. Nan da 'yan kwanaki za a rufe makarantun firamare, ba za a koma ba sai watan Satumba. Mako shida ke nan ko fiye da haka yaranmu za su wuni a gabanmu. Na san wata a cikinmu tun yanzu ta fara dafe kai tana cewa, "Wayyo ni, gida zai koma kasuwa!" Wata kuma daɗi take ji, ta huta da sammakon dafa abin kari da neman takalmi ƙafa ɗaya da ya ɓace. Duka biyun na san su, domin ni ma uwa ce.

Amma akwai abin da malama take gani wanda uwa ba ta cika gani ba, shi ne rajista. Ni a Argungu aka haife ni, a can na yi Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, aure ya kawo ni Birnin Kebbi, inda nake koyarwa a wata Islamiyya yau shekara goma sha ɗaya. Yaran da nake karantarwa da yamma su ne 'yan firamaren safe. A kowace shekara nakan kira suna a watan Yuli, in sake kira a watan Satumba, kuma lissafin bai cika zuwa daidai ba. Wani ya dawo a rame saboda jinya. Wani ya dawo lafiya lau amma karatun ya zube, surar da ya bari yana rerawa yanzu sai an ja shi. Wata kuwa sai in kira sunanta sau uku, 'yan ajin su ce, "Malama, ta daina zuwa." Wannan ne ya sa na daina ɗaukar dogon hutu a matsayin hutu kawai. A wurina zango ne na huɗu, ajinsa tsakar gida, malamarsa kuma ke ce, 'yar'uwa.

Bari mu fara da ranar da za a kawo takardar sakamako. A gidaje da yawa tambaya ɗaya ce ake yi wa yaro tun daga zaure: "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku, a yi guɗa. In ya ce na talatin, a hau shi da faɗa, wani lokaci har da gorin ɗan kishiya ko ɗan maƙwabta. Daga nan a cusa takardar ƙarƙashin katifa, magana ta ƙare. Alhali kuwa matsayi a aji bai gaya miki komai ba sai yadda ɗanki ya tsaya a tsakanin abokansa. Ana iya zuwa na ɗaya a ajin da ba wanda ya iya karatu. Tun lokacin da nake koyon koyarwa a wata firamare na ga yaro ɗan aji biyar da yake kwafe duk abin da aka rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, amma in ka nuna masa kalma ɗaya ka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Zane yake yi, ba rubutu ba. Kuma haka ake ta ciyar da shi gaba daga aji zuwa aji.

Saboda haka ga gwajin da nake ba iyaye shawara, ba ya cin ko kwabo. Ki bari yaron ya ci abinci ya huce, ki zaunar da shi kusa da ke, ki buɗe littafinsa na Hausa ko na Turanci a shafin da ke kika zaɓa, ki ce ya karanta miki da ƙarfi. Sannan ki tambaye shi me labarin ya ce. Ki ba shi lissafin cefane: an ba ka naira dubu, ka sayo manja na ɗari huɗu da magi na ɗari da hamsin, nawa ne canjinka? Abin da kika gani a wannan zama shi ne sakamakon gaskiya. In ya gaza, kada ki dake shi. Ki gode wa Allah da Ya nuna miki ramin tun akwai mako shida na cike shi. In da hali kuma, kafin a rufe makaranta ki nemi izinin maigida ki je ki ga malamin ajin, ko shi maigidan ya je, a tambaye shi ina yaron ya fi rauni, kuma waɗanne littattafai za a buƙata a sabon aji. Malamai suna jin daɗin irin wannan ziyara fiye da yadda kuke zato.

Na san abin da wasu za su ce: "Malama, ke kin yi kwaleji, mu fa da ba mu yi boko ba?" Amsata ita ce Innata. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, iyakarta allo da 'yan littattafan farilla. Amma a duk dogon hutu, da an idar da sallar Asuba ba mai komawa shimfiɗa sai ya biya allonsa. Da hantsi kuma, tana tsince shinkafa a faifai, sai ta ce in ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda yayanmu ya bari a gida, in karanta mata. In na yi inda-inda sai ta ɗago kai ta ce, "Koma baya, wagga magana ba ta zamna ba." Ba ta san harafi ko ɗaya a shafin ba, amma kunnenta ya san Hausar da ta tsaya da ƙafarta. Har yau ban ga mai duba karatu da ya kai ta tsanani ba. Don haka uwa ba ta buƙatar takardar shaida kafin ta saurari ɗanta. Abin da ake buƙata shi ne ta zauna, ta kasa kunne, yaron ya san akwai mai jiransa kullum.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma garuruwansu su koyar da mata a cikin gidajensu. Tsakar gida makaranta ce tun kafin a kafa tubalin firamare ta farko a ƙasar Gwandu da ta Kabi. Mu gado muke riƙe da shi.

To me za a yi a kullum? Kada ki ɗora wa kanki abin da ba zai ɗore ba. Rabin awa da safe, rabin awa bayan Magariba, ya wadatar. Ku duba wani lissafi da nake yi wa ɗalibaina. Daga Amma zuwa Nasi surori 37 ne. Yaron da yake tilawar sura ɗaya a rana, yana haɗa gajeru biyu in ya ga dama, zai zagaye izu biyun nan kafin hutu ya ƙare. Littafin Arba'una na Imamu Nawawi, duk da sunansa, hadisai 42 ne a ciki, mako shida kuma kwana 42 ne cif. Hadisi ɗaya a rana ga manyan yara, ko da ma'anarsa ce kawai da Hausa, kun ga an sauke littafi guda ba tare da an ji nauyi ba. Ta ɓangaren boko, shafi ɗaya na karatu da ƙarfi da lissafi biyar a rana, awa 21 ke nan a hutun in rabin awa ake yi. Da yayyafi kogi kan cika. In kina da halin biyan kuɗin lesin, to madalla, amma ki riƙa duba abin da ake koya masa, kada ya zama an sauya wa yaro wurin wasa ne kawai ana karɓar kuɗinki.

Ina kuma roƙonku game da Islamiyya. Hutun boko ba hutun Islamiyya ba ne, yawancinmu muna ci gaba da karatu, wasu ma sukan ƙara zama na safe. Amma a watan Agusta ne aji yake komawa rabi. Hadari ya haɗo, a ce yau a zauna gida. Gobe an aiki yaro. Jibi an manta. Wanda ya yi fashin mako uku sai ya tarar abokansa sun wuce shi da shafuka, kunya ta kama shi, daga nan ya fara laɓewa a hanya.

Sai maganar gona. Mu mutanen fadama ne, hutun nan kuma ya faɗo daidai lokacin da ake neman hannu: maimai a gonakin tudu, cirar ciyawa a shinkafa, kai abinci gona, kiwon 'yan awaki kada su shiga shukar mutane. Ba na cikin masu cewa kada yaro ya taɓa fartanya. Shinkafar da ta ɗaga sunan Jihar Kebbi, har aka zo nan aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, ba da hannun malalata aka noma ta ba. Yaron da ya san wahalar da ke cikin mudu ɗaya ba zai zubar da tuwo ba. Abin da nake cewa shi ne a yi aikin daidai ƙarfinsa, a ƙarƙashin idon babba, kuma a bar masa rabin awarsa ta karatu. Gona ba ta rasa komai don yaro ya iso bayan ya biya allonsa.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne ruwa. Watan Agusta watan marka ne, gulbi ya cika ya batse, kowane kududdufi da ramin da aka haƙi ƙasar gini ya zama tafki. Yaranmu, musamman na Argungu, sun tashi suna ganin iyayensu da gora da homa a Matan Fada, kowane yana ɗaukar kansa ɗan su. Su tuna, bikin kamun kifi da rani ake yin sa, lokacin da ruwa ya ja baya, kuma ga Sarkin Ruwa da mutanensa a tsaye. Gulbin damina wani abu ne daban. Yakan ƙaru ko ba a yi ruwa a garinku ba, domin abin da aka zuba a ƙasar Zamfara da Sakkwato nan yake gangarowa. Ba mu manta ambaliyar 2020 ba, yadda ta shanye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan, ta rushe gidaje, ta yanke hanyoyi. Ba mu kuma manta jirgin ruwan da ya nutse a kogin Kwara wajen Warra a watan Mayun 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ki kafa doka a gidanki tun ranar farko: ba wanka a gulbi ko kududdufi, ba shiga kwalekwale sai da babba. Masu zama kusa da fadama kuma, ki haɗa takardun haihuwa da sakamakon yara a leda, ki ɗaure, ki rataye a sama.

Ko ruwan bai ci yaro ba yana iya barin masa ciwo. In ɗanki ya ce yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce, daga wanka a ruwan da ba ya gudu ake ɗaukarta. Wasu har yau suna cewa alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti. Sai babban maƙiyinmu, zazzaɓin cizon sauro. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai mu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin ga jarirai a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024. Haka kuma a watannin damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da maganin kariya na yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Su ne suke ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage a hannunki suke barinsa, don Allah kada ki ajiye shi a kan taga ki manta. 'Yan firamare sun wuce shekarun wannan magani, gidan sauro ne garkuwarsu. A ɗaura shi kowane dare, kada a mai da shi shingen lambu ko ragar kamun kifi. In yaro ya yi zazzaɓi, a je a gwada jini kafin a sha magani. In kuma gudawa ce, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sannan a garzaya asibiti. Rigakafi dai ya fi magani.

Akwai kuma al'adarmu mai kyau ta tura yara hutu gidan kaka ko gwaggo ko kawu. Zumunci ne, kuma ni kaina abin da na sani na girki da saƙar faifai a irin wannan hutu na koya. Sai dai kafin ki sa 'yarki a mota, ki san ɗakin da za ta kwana da waɗanda za ta kwana da su, ki san wanda zai riƙa aikenta da inda za a aike ta. Ki koya mata, da shi ma namijin, cewa jikinsu amana ne, duk wanda ya taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba, ko wane ne shi, su faɗa miki, ba za ki dake su ba. Ki sa musu Alƙur'aninsu da littafinsu a jaka, ki kuma yanke ranar dawowa tun kafin a tafi, aƙalla mako guda kafin a buɗe makaranta. Wanda ya zauna gida kuma, ki kula da wayarki. Yaro ya ce zai yi wasa, ki miƙa masa don ki samu sararin aiki, kafin ki ankara ya shiga TikTok ya ga abin da shekara goma ba za ta goge masa ba. In za a kalla, a kalla a gabanki. Da a bar su da waya wuni guda, gara maigida ya ware rana ɗaya ya kai su gidan tarihi na Kanta a Argungu su ga kayan yaƙin kakanninsu, ko Gwandu su ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Za su koma aji da labarin da za su rubuta.

Na bar magana mafi nauyi a ƙarshe, wato 'yan aji shida, musamman mata. Duk sauran yara sun san ajin da za su koma a Satumba. Ita 'yar aji shida ta fita daga wata ƙofa, ba ta riga ta shiga wata ba, kuma a wannan tsakanin ne muke rasa su. Akwai wata yarinya da na koyar, ba zan faɗi sunanta ba. Ta haddace izu goma, a boko kuma ba ta wuce ta uku. Da aka yi hutu sai mahaifiyarta ta ɗora mata tallar dafaffiyar gyaɗa, da niyyar a tara kuɗin kayan makaranta. Niyya mai kyau. Ciniki ya karɓa, aka ƙara da masara, kuɗin ya shiga cefane. Satumba ta zo, aka ce bari a ga bayan kaka. Bayan kaka aka ce an riga an yi nisa, sai baɗi. Da na je gidan, uwar ta ce mini, "Malama, mi za ni yi? Da tiren nan muka ci." Ban zarge ta ba, domin na ga halin da gidan yake ciki. Amma har yau in na hango yarinyar a bakin tasha da tire a ka, sai ta kawar da fuska, ni kuma in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar cire ta daga makaranta. Jinkiri ne ya cire ta, mako bayan mako.

A ajin nan dai akwai ƙawarta, wadda gidansu bai fi na su waccan ƙarfi ba. Kakarta ce ta tsaya. Tun ranar da aka yi hutu ta shiga adashe, ta sayi yadi tun Agusta ta kai wa tela, ta matsa wa uban yarinyar sai da ya je ya karɓo takardar shaidar gama firamare, ya kuma gano makarantar da aka tura ta. Ranar da aka buɗe, da kanta ta raka ta har bakin ƙofa. Bambancin yaran nan biyu ba ƙwaƙwalwa ba ce, ba kuma arziki ba. Ɗaya ta samu babba da ya riƙe ranar komawa a ransa.

Ku sani, 'yan'uwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Nijeriya. Gama aji shida ba sauka ba ce, an ci kashi biyu ne cikin uku. Gaskiya ne ko an ce kyauta akwai inifam da takalmi da littattafan rubutu. Shi ya sa nake cewa a fara tanadi tun yau. Naira 200 a rana, in kika jefa a asusu kwana 42, ta zama 8,400. Ba za ta sayi komai da komai ba, amma za ta hana a ce babu ko na farawa. Da sanyin safiya ake kama fara. Ki samu maigida a lokacin da hankalinsa yake kwance, bayan ya ci ya sha, ki kawo maganar cikin ladabi: "Baban yara, wace makaranta za a kai ta, kuma me za mu fara saya?" In kika bari sai daren komawa, faɗa za a yi, ba shawara ba. In kuma dole ce ta sa a yi talla, to a yi ta a ƙofar gida ko cikin unguwa, da rana, ba tasha ba, ba bayan Magariba ba, kuma a sa mata ranar ajiye tire.

Mun san hadisin kiwo da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ambaci mace da abin da aka ba ta amana a gidan mijinta. Wata tara muna raba wannan kiwo da malaman makaranta. A makonnin nan garken ya dawo hannunmu gaba ɗaya. Ki ƙirga su yau, ki yi niyyar mai da su a Satumba cif yadda kika karɓa, da lafiyarsu, da karatunsu, da tarbiyyarsu. In kuma a maƙwabtanki akwai 'yar aji shida da kika ga alamar za a yi sake da ita, ki shiga ki yi magana da uwarta cikin hikima. Ɗa na kowa ne.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa tafarkin Musulunci, Ya tsare su daga sharrin ruwa da cuta da miyagun abokai, Ya ba mazajenmu abin ɗaukar nauyinsu ta hanyar halal. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.